Marainiya Ta Sami Gida

Hayin Banki, Kaduna
Bayan ƙaramar salla

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi, da addu'ar Allah ya haskaka makwancinki. Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko kina da rai ma sai an nemo mai karanta miki, ni kuwa gara ƙasa ta tsage in shige da wani ya ji abin da ke cikinta. Ɗan ajamin da babana ya koya mini ne nake ta karcewa, ba mai gani sai ni da Allah.

Duk zaman da muka yi gida ɗaya ban taɓa ɗaga kai na dubi tsakiyar idonki ba. In kin yi magana in ce to, in kin shigo in tashi. Ko sunan mutumin da ya haɗa mu ba mai iya kamawa a cikinmu, ke ɗan farinki ne, ni mijina ne. Ke ki ce yaron nan, ni in ce shi, kuma ba mu taɓa ɓata ba. To yau kunya ta yi haƙuri, Inna, bakina ya cika da labari, kuma ke kaɗai ce kika cancanci ki fara ji.

Bari in fara da na gida. Takwararki Uwani ta yi wayo, an yaye ta, tana yawo da wani faifai wai ita ma tana sayar da goro kamar kakarta. Akuyarki mai ɓarna ta haifi biyu, har yanzu ba ta bar cin zanen mutane a igiya ba. Zogalen da kika dasa ya wuce katanga. Garin nan kuwa sai cika yake, ko'ina gini, ko'ina maganar mulkin kai, akawuna sun yi yawa har ba ka sanin wa za ka gaisar. Ni dai ina nan da kitsona, gida gida, daga Kawo har Abakwa.

Yanzu sai babbar magana. Kina nan aka kawo shi a kan ƙyaure ranar da mota ta kife da su a hanyar Mando, suna dawowa daga kiɗan biki. Kina nan maɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ƙashi ya kama, yatsu suna motsi, amma kafaɗar dama ta ƙi. Gwiwar hannun ta manne da haƙarƙari, ba ta ɗaguwa ba ta buɗewa. Mai goge kuwa da kafaɗa yake cin abinci, ita ke kai izga ta komo da ita. Kin ga ranar da ya gwada, gogen ubansa ya yi wani kuka kamar ana yanka ɗan akuya, ya rataye shi a bango bai ƙara dubansa ba.

Kin tuna abin da kika ce mini ranar da jikinki ya yi tsanani? Kin kama hannuna, karo na farko tun da aka kawo ni gidan nan, kika ce kada in bar hannun yaron nan ya mutu, in ya mutu sauran jikin zai bi shi. Na ce to, yadda na saba. Wallahi Inna, ban san abin da na amsa ba. Na ɗauka maganar man shafawa ce da ruwan zafi.

Bayan rasuwarki sai abin ya ci gaba. Mutumin da in ya shigo gida har kaji sun san ya shigo, ya koma zaman zaure, ya juya wa ƙofa baya. Yaran kiɗansa suka yi ta zuwa gaisuwa, suka gaji, kowa ya kama gabansa, ban ga laifinsu ba. Tuwo in kai, in ɗauko shi ya yi ɓawo. Sai ana saura 'yan watanni azumi ya kira ni, ya ce ya yi shawara. Da an sha ruwa an yi salla zai sawwaƙe mini, ya koma ƙauye ya zauna a kangon ubansa. Wai ni yarinya ce, bai kamata in ƙare rayuwata ina ciyar da gunki ba. Ki ji fa! Wai tausayina yake ji. Na so in kwantsa masa kwaryar furar da ke hannuna, na tuna ɗanki ne, na fita bayan ɗaki na yi kukana.

A nan maganarki ta dawo mini. Na lura yatsun nan ba su taɓa hutawa ba. Yana zaune shiru, su kuwa suna ta taɓa gwiwarsa, suna bin wani kiɗa da ba mai ji sai shi. Na ce ashe ba kiɗan ne ya bar shi ba, goge ne kawai. To goge ne kaɗai mai tsirkiya a duniya?

Sai na yi abin da 'yar malam kaɗai za ta yi. Kin sha faɗa mini cewa mu gidan allo ba mu san kan gidan kiɗa ba, ina jin haushi a zuci. Ashe gaskiyarki. Na je gidan wani dattijo mai molo a Kawo, matarsa ina mata kitso, na roƙa aka ba ni aron molo ɗaya. Na naɗo shi a zane na kawo, ina tafe ina murna kamar wadda ta tsinci dami a kala. Ɗanki ya dube shi, ya dube ni, ya murtuke fuska. Ya sa aka mayar nan take da goro da ban haƙuri. Kafin la'asar dattijon ya aiko, da kyakkyawar niyya kuwa, cewa in yana so ya zo ya zauna a gabansa, zai karɓe shi cikin yaransa.

Cikin yaransa, Inna! Mutumin da uba da kaka suka ja goge, wanda shi ma yake da masu ɗaukar masa jaka. Ranar ko ruwa bai sha ba. Garin gyaran gira na kusa tsone ido.

Daga baya, da ya huce, shi da kansa ya warware mini, yana magana a hankali kamar mai koya wa yaro alif. Kowane abin kiɗa da gidansa. Garaya ta maharba ce, molo da masu shi, gurmi da masu shi. Ba ka wayi gari ka ɗauki na wani gida ka shiga taro da shi, shiga gonar mutane ke nan. In kana so, sai ka je ka durƙusa, ka yi bara, ka ɗauki jaka har ranar da za a sallame ka. Shi kuwa ya ce gwiwarsa ta riga ta durƙusa wa mutum ɗaya, ubansa, ba za ta ƙara ba. Na kawo maganar jita da na gani a kantin wani kwara Balarabe, ya ce ita ma tana da iyayenta can bakin teku, ga 'ya'yanta nan cike da gidajen rawa.

Taurin kai ne? E, taurin kai ne, kuma kin san inda ya gado shi, Allah ya jiƙanki. Amma na fahimci abu ɗaya. Abin da nake nema ba mai daɗin amo ba ne kawai. Dole ya zama wanda yatsu za su kai gare shi ba da kafaɗa ba, kuma wanda ba shi da uba a ƙasar nan, ba shi da sarki, ba wanda za a je a durƙusa wa. A ina ake sayar da irin wannan?

Amfanin kitso ke nan, ba ɗakin da ba ka shiga. Na zama kamar ɓarauniya, hannuna a kan mace, idona a bango. Na ga wani abin kiɗa na kara a gidan mutanen dutse, na tambaya, aka ce duk tsohon garinsu ya iya. Na ga wani ɗan ƙarami mai tsirkiyar ƙarfe a gidan wani akawu, aka ce na cocinsu ne. Kowanne da iyayensa a tsaye. Azumi ya kama, kwanaki suna tafiya, ni ina ramewa, mutane suna ce mini azumi ne bai karɓe ni ba.

Ran nan aka kira ni Abakwa, gidan wani Saja mai ritaya, cikin waɗanda suka yi yaƙin duniya a ƙasar Bama, can ƙetaren teku. Matarsa Asabe za ta yi kitson salla da wuri. Ina cikin tsaga sai na hango wani abu a kan akwati, an lafta masa ɗankwalaye da duwatsun wuya da carbi. Wani dogon wuya ne ya lanƙwaso daga cikin tsummokaran kamar na zalɓe. Na ce Asabe wannan fa? Ta ce tarkacen maigida ne daga Bama, ta rasa amfaninsa ta mai da shi maratayi.

Da ta kwashe kayan, Inna, sai da na saki matsefi. Jikinsa kamar ƙaramin kwalekwale, baƙi wuluk, da ɗan adon ruwan zinariya da ya soma goguwa. An rufe samansa da fata. Tsirkiyoyi sun taso daga cikin jirgin sun hau wuyan, kowace an ɗaure ta da jar igiya mai tuntu. Yawancinsu sun tsinke, 'yan kaɗan suka rage. Na taɓa ɗaya da farce. Amon bai da ƙarfi, amma ya daɗe bai mutu ba, har Asabe ta ce kai, ashe yana magana.

Saja ya shigo, dattijo mai ɗingishi, ba ya son yawan zance. Ya nuna mini yadda ya ga mutanen can suna riƙe shi: a zauna, a ɗora jirgin a cinya, wuyan ya tafi hagu, hannun dama yana kwance a jiki yatsu suna tsinka. Ba ki ga abin da na yi ba. Na ciro ɗankwalina a gaban namijin da ba nawa ba, kunya ta tafi kiwo, na sa Asabe ta ɗaure mini gwiwar hannun dama tam a jikin haƙarƙari. Na zauna na ɗora abin a cinya. Yatsuna suka kai kowace tsirkiya, har da gurbin waɗanda suka tsinke, kafaɗata ko motsi ba ta yi ba. Suna kallona kamar mai taɓin hankali, ni kuwa hawaye ne kawai ke zuba.

Na tambayi Saja ko akwai wanda ya iya kaɗa shi a garin nan. Ya ce ba ya jin akwai daga nan har Ikko. Sunansa fa? Ya ce an faɗa masa, ya manta tun a jirgin ruwa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Sai dai ya ce ba na sayarwa ba ne. Na wani abokinsa ne, ɗan ƙasar Katsina, wanda ya samo shi a can, ya yi ta goyonsa cikin daji da ruwan sama yana cewa zai koya in an koma gida. Zazzaɓi ya ɗauke shi a hanyar dawowa, aka binne shi a ruwa. Ban ga ta inda zan roƙa ba. Sai na ba shi labarin ɗanki tun daga motar Mando har maganar saki, ban ɓoye kome ba. Can ya ce in ɗauka, sharaɗinsa ɗaya: in abin ya yi magana, yana so a kawo masa ya ji, don shekarun nan duka yana ganin kamar ya ci amanar mamaci da ya bar shi yana ɗaukar ɗankwali.

To, ga abu a hannu, saura bayarwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ban manta da molo ba. Na san in na durƙusa na miƙa masa da sunan kyauta, zai ji ƙanshin tausayi ya ture. Sai na tuna yadda kike yi masa in ya ƙi cin abinci: ki ajiye kwano kusa da shi, ki shiga faɗa da kaji kamar ba ki san da shi ba. Na kawo abin na ajiye a tsakar gida, daidai inda yake hangowa daga zaure. Na lafta masa ɗankwalaye yadda na gani a ɗakin Asabe, har da jiƙaƙƙen banten Uwani. Na koma na kama aikina.

Ya yi kamar bai gani ba. Ni ma na yi kamar ban ga yana satar kallo ba. Muka yi ta wannan wasa har ranar da na ɗora masa ludayi mai danshin koko. Ai kuwa sai ga ɗanki a tsaye a kaina, yana faɗa kamar zai ci ni ɗanya. Wai wane irin rashin imani ne wannan? Duk abin da aka yi wa fata da tsirkiya yana da hakki, ba a wulaƙanta shi, 'yar malam ba ta san darajar kome ba sai tawada. Inna, rabon da in ji ya ɗaga murya tun kina da rai. Ban taɓa jin zagi mai daɗin wannan ba. Na sunkuyar da kai kamar mai nadama, ina danne dariya.

Ya watsar da tsummokaran, ya ɗauke shi ya shiga zaure, wai zai share shi ne kawai ya mayar wa masu shi. Ya ce na wane gida ne? Na ce ni ina na sani, ni da ba 'yar gado ba, ya je ya tambayi masana.

Kuma ya je! Mutumin da ya manta hanyar kasuwa ya sa riga ya saɓa abin a kafaɗar hagu ya fita. Ya kai wa sarkin makaɗa, ya juya shi ya ce bai taɓa gani ba. Ya kai wa Nufawa, suka ce ba nasu ba ne. Ya kai wa Barebari, suka ce ko a gabas ba su san shi ba. Har gidan dattijon nan mai molo ya je da ƙafarsa, suka gaisa, dattijo ya ce wannan ba ɗan'uwan molo ba ne ko ta wajen uwa. Kullum ya dawo da ƙura a ƙafa da yunwa a ciki, ya sha ruwa ya share kwano tas. Da ya gama zagaye garin sai ya zauna, ya ce mini abin nan ba shi da kowa, marainiya ce. Ya faɗi kalmar a hankali, na san ba ita kaɗai yake nufi ba. Sunan ya bi ta ke nan.

Marainiya kuwa duk wanda ya tsince ta shi ne ubanta, wa zai ce ya shiga gonarsa? Ban faɗa masa haka ba, na bar shi ya gano da kansa, don ɗanki ba ya son a riga shi.

Sai aikin tsirkiya. Ya gwada izgar doki, ta ƙi. Ya gwada jijiya, ta yi kauri. Da ya kwance ɗaya cikin na asali ya ga siliki ne aka murɗa, sai ya samo zare wurin masu aikin riga. Murɗawa kuwa tana son hannu biyu masu lafiya, dole ya nemi nawa. Muka zauna a tabarma ɗaya, ina murzawa a cinya yana ja yana saurare, yana cewa ƙara, rage, ke dai ba ki da kunne. Rabon da mu zauna kusa haka har na manta. Uwani tana ta sace mana jan tuntu.

Aka yi salla. Na yi tuwo na yi miya, na sa sabon zane, amma ban manta da wa'adinsa ba. Duk motsin da ya yi sai in ce yanzu zai kira ni. Ranar ta wuce bai kira ni ba. Washegari ma haka.

Rana ta uku da hantsi ina daka, sai na ji wani abu daga zaure. Da farko ɗaya ɗaya, kamar mai taka duwatsun rafi. Sai ya haɗu. Inna, waƙarki ce ta niƙa, wadda kike yi in kin durƙusa a kan dutse kina tsammani ba mai jinki. Ashe yana ji tun yana goye. Bai taɓa kaɗa ta da goge ba, ya ce goge ya cika ihu, ba ya iya ta. Taɓarya ta tsaya mini a sama. Maƙwabta suka leƙo ta katanga, ba wadda ta yi guɗa. Ya yi kuskure ya koma, ya sake yi ya sake komawa, yana tsaki yana zagin yatsunsa, irin tsakin mutumin da yake da aikin gobe.

Da ya gama ya leƙo tsakar gida, idonsa ja. Na ce a raina shi ke nan, ga takardar sakina. Sai ya ce in nemo ƙyalle mai kauri in ɗinka wa Marainiya riga kafin damina, kuma jinkar ɗakina tana son gyara, zai yi wa mai baibaya magana. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Kin san shi, ba zai taɓa cewa ya fasa ba. Amma wa ke gyara jinkar matar da zai saka?

Mun kai wa Saja ranar Juma'a. Ya saurara da hularsa a hannu, sai da muka tashi ya ce yau abokinsa ya iso gida. Ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu ba a kira ɗanki biki ba. Amonta ba ya cika fili, wasu ma dariya suke yi, wai mai goge ya koma goyon kwalekwale. Kafaɗar tana nan yadda kika bar ta, gogen yana rataye. Amma yana ci, yana faɗa, jiya har ya kori akuyarki da takalmi.

Saura abin da ban taɓa faɗa miki ba. Na san ke ce kike ɓoye mini tsoka a ƙarƙashin tuwo lokacin cikin Uwani, kina cewa kuskuren ludayi ne. Na ji ranar da kika ce wa 'yan'uwanki 'yar malam ta fi muku 'yan gado goma, ina bayan rumbu, na yi kamar ban ji ba. Na so in gode, kunya ta riƙe mini baki har kika tafi. Na gode, Inna. Kuma ina son ɗanki, so mai tsanani, da taurin kansa da kome. Ga shi na faɗa a gaban suruka, ƙasa ba ta tsage ba.

Amanarki ta yi mini nauyi, na kwana da ita na tashi da ita, yau na sauke. Ga shi can a zaure yanzu haka yana neman wata tsirkiya da ta ƙi zama, ina jinsa. Hannun bai mutu ba, Inna. Ki kwanta ki huta.

Allah ya jiƙanki da rahama, ya kai haske kabarinki, ya sada mu a inda ba rabuwa. A can, in kin yarda, zan ɗaga kai in dube ki.

Taki har abada,
'Yar malam, mai kitso, uwar takwararki.